Wata Biyar Kafin Baba Ya Koma Ciyayya a Zaure

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma labarin bakin mahaifina zan ba ku, bayan na nemi izininsa ya ce in rubuta ko wani zai amfana.

A gidanmu a Ketare, tun ina yaro a zaure ake cin tuwon dare. Baba da maƙwabta uku ko huɗu, kowa a kawo masa kwano daga gidansa, a haɗa a yi ciyayya. Da na gama difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina na dawo gida, sai na tarar Baba ya daina fita. A ɗaki yake cin abinci shi kaɗai, ƙofa a sakaye. Ya rame, ya kuma bar wa wani jan sallah a masallacin ƙofar gidanmu. Mu duka muka ce tsufa ne.

Inna ce ta kira ni gefe ta ce, "Ba tsufa ba ne, haƙora ne." Kunya yake ji mutane su ga yana mamular tuwo. In kuma ya ɗaga murya yana karatu, wasu haruffan sai su fita da iska, har ya taɓa jin yara suna ƙunshe dariya a sahun baya. Babban mutum haƙora 32 gare shi. Na Baba saura tara, wasunsu suna girgiɗa, ga guntayen saiwoyi da mai cire haƙori na kasuwa ya karya ya bari a ciki shekarun baya.

Muka sayar da masara buhu huɗu, muka kama hanyar Kano ta Malumfashi da Gwarzo, zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A zatona za a auna bakin, a ba mu haƙoran roba, mu kwana biyu mu dawo. Baba ma bai ɗauki kayan sawa fiye da kala biyu ba.

Ranar farko ba a taɓa haƙori ko ɗaya ba. Tambayoyi aka yi ta yi, aka auna hawan jini da sukari, sannan aka ɗauki hoton baki gaba ɗaya da wata na'ura mai zagaya kai. A hoton ne likita ya nuna mana yadda ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da haƙoran. Nan kuma muka fara sanin sukarin Baba ya hau. Likita ya ce, "Baba, sai an daidaita wannan tukuna, domin mai ciwon sukari rauninsa ba ya saurin warkewa, kuma ciwon dasashi ya fi cin sa." Muka dawo gida da magunguna, babu haƙori ko ɗaya sabo.

A zuwa na biyu aka zaunar da mu aka shimfiɗa mana hanyoyi biyu. Ta farko ita ce dashe: a kafa ƙananan kusoshi na ƙarfen titaniyom a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya kama su, sannan a ɗora haƙora a kai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Brånemark ne ya fara yi wa mutum irin wannan a 1965. Ya fi ƙarfi, ya fi kama da haƙorin da aka haife ka da shi, amma yana son ƙashi isasshe da kuɗi masu yawa, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Ta biyu ita ce haƙoran roba da ake sawa a cire: cikakke a sama, rabi a ƙasa mai maƙalawa a jikin haƙoran da za su tsira. Ita muka zaɓa.

Aka fara da wankin haƙori, aka kankare dattin da ya daskare a gindin waɗanda za a bari. Biyar ne suka tsira, duk a ƙasa. Sauran da guntayen saiwoyin aka cire su a zama biyu, da allurar kashe zafi. Baba ya ce bai ji ciwo ba, motsi da dannawa kawai ya ji. Aka ba shi auduga ya cije, aka ce ranar farko kada ya kurkure baki da ƙarfi, kada ya yi ta tofarwa, kada ya sha abu mai zafi, don kada gudan jinin da ya toshe ramin ya fita. Daga washegari sai kurkura a hankali da ruwan ɗumi da gishiri.

Daga nan ne wahalar gaske ta fara, wadda babu wanda ya shirya mana zuciya a kanta. Dasashi yana buƙatar makonni ya warke ya motse kafin a auna shi, in ba haka ba haƙoran da za a ƙera za su yi masa yawa daga baya. Wata biyu Baba ya yi da baki kusan wayam. Kunu, fura mai laushi, faten wake, tuwo da miya mai yawa. Kumatunsa suka faɗa, ya zama kamar ya ƙara shekara goma. Wata rana da dare ya ce mini, "Kai, ka kai ni an ƙarasa ni." Na kasa ba shi amsa. Na kwana ina tunanin ko na yi wauta da na sa aka taɓa ɗan abin da ya rage masa.

Da muka koma, awon ma ba zama ɗaya ba ne. An sa masa wani kwaɓi mai kama da kullu a cikin cokali mai siffar baki, ya daskare ya ɗauko siffar dasashi. A wani zuwan aka auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suke haɗuwa. A wani kuma aka jera haƙoran a kan kaki aka gwada masa, aka ba shi madubi. Ya ce a rage farin, kada a ce dattijo ya ari bakin saurayi. Kowane zuwa kuɗin mota ne da kwana a gidan ɗan uwa, ga shi halin da hanyoyinmu suke ciki bai bari mutum ya yi tafiyar dare ba.

Ranar da aka ba shi haƙoran na ɗauka an gama. Ashe saura. Makon farko yawu ya yi ta taruwa, magana tana sarƙewa, wani gefe yana gurzar masa dasashi har ya yi rauni. Sau biyu muka koma aka goge wurin. An gargaɗe mu kada mu kankare da kanmu a gida. Aka ce ya fara da abu mai laushi, ƙananan loma, ya riƙa tauna ta ɓangarori biyu lokaci ɗaya don kada farantin ya karkace. Ya riƙa karatu da ƙarfi don harshe ya saba. Da dare ya cire su, ya wanke da burushi, ya jiƙa a ruwa mai sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa roba. Goro kuwa sai dai a daka masa. An kuma gaya mana ƙashi zai ci gaba da motsewa a hankali, don haka wata rana sai an koma an cike cikin farantin ko an sake wani.

Kullum bayan asuba nakan ji shi a ɗaki yana maimaita karatu, yana tsayawa a kan harafi ɗaya har sai ya fita daidai. Wata biyar da fara tafiyar, wata magariba ya ce da ƙanina, "Kai mini kwanon zaure." Bai yi wani bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Inna ta juya baya tana gyara murhu, amma na ga tana share ido da bakin zane. Bayan mako biyu ya shiga gaba a sallar isha'i.

Abin da nake so wanda zai kai nasa ya sani ke nan: gyaran baki gaba ɗaya ba aikin yini ba ne. A shirya kuɗin zirga-zirga kamar yadda ake shirya kuɗin aiki, a tambayi likita tun farko zuwa nawa za a yi, a kuma gaya wa mara lafiya gaskiya cewa akwai lokacin da zai fi da muni kafin ya ga kyau. Da na san haka da na gaya wa Baba tun a mota, da bai kwana yana ganin an ƙarasa shi ba.

Haƙoran Baba ba rana ɗaya suka zube ba. Shekaru suka yi suna jini in ya yi asuwaki, muna gani muna cewa ba komai. Idan dattijon gidanku ya fara cin abinci a ɓoye, ko tsohuwa ta fara rufe baki da mayafi in za ta yi dariya, kada a yi saurin cewa tsufa ne. A duba bakin.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.