Ƙirgen Ambato da Gyambon Cikin Kawu

Tun da na shigo jami'a nake jin malamanmu suna zancen yawan maƙalun da wane ya buga, da yawan waɗanda suka ambace shi a cikin nasu rubuce-rubucen. Har wani ma'auni gare su, wanda Jorge Hirsch ya ƙago a 2005. Idan malami yana da maƙala 20, kowacce kuma an ambace ta aƙalla sau 20, sai a ce makinsa 20 ke nan. Da wannan ake duba darajar mai bincike, a wasu wuraren ma har da ƙarin girmansa. Ni ma da na yarda da haka ɗari bisa ɗari, sai ciwon kawuna ya sa na sake tunani.

Kawu ya yi shekara da shekaru yana fama da gyambon ciki. An hana shi yaji, an hana shi tsami, an ce ya rage tunani, ya yawaita shan madara. Duk ya bi, amma da dare ya raba sai ka ji shi yana juyi a kan tabarma. Ran nan na raka shi asibiti, likita ya sa aka yi masa awo, sa'an nan ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta haɗe da na rage tsamin ciki, na mako biyu. Cikin ikon Allah, abin da ya gagara shekaru sai ga shi ya kwanta. Na tambayi likitan asirin abin, ya ce in je in karanta labarin wani Barry Marshall.

Shi dai Marshall likitan ciki ne, mutumin Ostareliya. A 1981, yana matashin likita a birnin Perth, ya haɗu da Robin Warren, wanda tun 1979 ya lura da wasu lanƙwasassun ƙwayoyin cuta a cikin naman tumbin marasa lafiya. A lokacin kuwa manyan likitoci sun tafi a kan cewa ba ƙwayar da za ta rayu cikin tsamin tumbi, gyambo kuma damuwa da yawan tsami ke kawo shi. Su biyun suka binciki mutum 100, suka kuma yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin awo a 1982. Amma da Marshall ya aika da sakamakon ga ƙungiyar likitocin ciki ta ƙasarsu a 1983, sai aka ƙi karɓarsa.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A 1984, shekarar da mujallar Lancet ta buga cikakkiyar maƙalarsu, Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ƙwayar. Ba a yi kwanaki ba ya fara amai, da aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura, ga kuma ƙwayar ta kama. Duk da haka sai a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa ba masu gyambon da ke ɗauke da ƙwayar maganin kashe ta. A 2005 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Warren. Ƙwayar ita ce ake kira Helicobacter pylori, maƙalar tasu kuwa an ambace ta sau dubbai.

To, jama'a, ga abin da ya tsaya mini a rai. Da a 1983 aka ɗora Marshall a kan ma'aunin ambato, da bai yi nauyin komai ba, alhali kuwa gaskiyar tana hannunsa tun a lokacin. Watau ƙirgen ambato sawu ne, ba ya bayyana sai bayan an wuce. Mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a fagen ilmi wata Larabar takan zo da hadari.

Ban ce a yi watsi da ma'aunin ba, domin shi ma yana nuna inda aikin mutum ya kai a tsakanin tsaransa. Sai dai akwai abin da ba ya ƙirgawa. Kawu bai taɓa rubuta maƙala ba, bai ma iya faɗin sunan Marshall ba, saboda haka ba ya cikin dubban nan da aka lissafa. Amma shi ne ya ci tuwo da miyar kuka mai yaji ranar Sallah, ya kuma yi barci har asuba.

Mu da muke nazarin Hausa, masu ambatonmu ba su da yawa, kuma na san wannan yakan karya wa wasunmu gwiwa. Ni dai yanzu, kafin in tambayi sau nawa aka ambaci wani bincike, nakan fara tambayar ko gaskiya ya faɗa, da kuma wanda ya amfana da shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.