Cajin waya ba tare da waya ba: Abin da na gani da idona

Ranar da Yayana ya sake waya ya bar min tsohuwarsa, sai ya haɗo min da wani baƙin faifai ɗan ƙarami, bai fi murfin kofi ba. Ya ce, "Ungo, wannan ce cajarta. Ka ɗora ta a kai kawai, ba sai ka soka komai ba." Na ɗora, sai ga alamar caji ta fito. Na garzaya ɗakin Kaka ina ɗoki, na ce, "Kaka, zo ki ga ikon Allah, ana cajin waya ba tare da waya ba."

Ta leƙa, ta bi igiyar da ta fito daga bayan faifan da ido har zuwa jikin bango. Ta ce, "To kai, wannan da ta tafi bango, wutsiyar ɓera ce?"

Dariya na yi a lokacin, amma tsohuwar ta riga ni gane abin. Igiya tana nan daram. An dai cire ta ne daga jikin wayar hannu aka mayar da ita jikin faifai, shi kuma faifan sai da wuta.

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare ya taɓa haɗuwa da sirrin wannan faifai, ko da bai sani ba. A cikinsa akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe kamar gammo, a bayan wayar hannu ma akwai irinta. Idan wuta ta ratsa gammon farko sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu mai jujjuyawa, shi kuma ya tayar da wuta a gammo na biyu, ta wuce cikin batir. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila tun 1831, kuma da wannan dabarar taransifomar unguwarku take aiki. Shigowarta cikin wayoyi ce ba ta daɗe ba. Nokia Lumia 920 ta zo da ita a 2012, Samsung Galaxy S6 a 2015, iPhone kuma sai a 2017. Yawancinsu tsari ɗaya suke bi, mai suna Qi, shi ya sa faifan wani kamfani yake iya cajin wayar wani.

Makon farko da na koma makaranta, ni ne sarkin ɗaki. Kowa sai ya zo ya ɗora tasa ya gani ko za ta kama. A cikin mu shida, tawa ce kaɗai ta amsa. Ba na ɓoye muku, na ji daɗin wannan.

Daɗin bai wuce mako biyu ba. Wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya san yadda ake yi idan an kawo wuta: kowa ya zabura, ana rububin soket guda biyu, domin ba wanda ya san ko za ta kai awa ɗaya. A nan na gane faifaina malalaci ne. Abokina zai soka tasa da igiya, kafin a ɗauke wuta ya samu abin da zai kai shi gobe. Ni kuwa in duba in ga ɗan abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Da na karanta rubutun da ke ƙasan faifan, wat 5 aka rubuta, alhali cajar abokina wat 33 ce. Akwai faifaye masu wat 15 ko fiye, amma ko a waya ɗaya ma igiya ce ke gaba. Infinix Note 40, misali, tana jan wat 45 ta igiya, a kan faifai kuma wat 20.

Sai kuma zafi. Ba duk wutar da ta bar faifai ce ke isa batir ba, wani kaso yana bin iska ya zama zafi, kuma asarar ta fi ta igiya yawa. A garin da ake sanyi wataƙila ba a damu ba. Mu da muke ganin maki 40 a watan Afrilu, in na ɗauki wayar daga kan faifai sai in ji bayanta kamar an sauke tukunya. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin maki 0 zuwa 35, kuma batirin kowace waya ba ya shiri da zafi, yana rage masa kwana. Sau da yawa wayar kan dakatar da cajin da kanta sai ta huce, wuta kuwa ba ta jiran kowa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wata ranar Lahadi da aka bar wuta har asuba, abin da ba a saba ba. Na ɗora waya na kwanta da murna. Ashe wani ya bugi teburin cikin dare, ta goce kaɗan daga tsakiyar faifan. Da safe kowa ya tashi da cikakken batir, ni na tashi da kashi 9. Irin wannan gocewar ce ta sa Apple ya saka zoben maganaɗisu a bayan iPhone 12 a 2020, don wayar ta manne daidai. Tawa ba ta da shi. Ga shi kuma ba ka isa ka riƙe ta kana karatu tana caji ba, da ka ɗaga ta caji ya yanke. Daga ranar na jefa faifan ƙasan akwati, na koma wa igiya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce muku abin duk burga ce. Sai hunturu ya shigo.

Saura kwana takwas mu fara jarrabawa, na soka igiya, shiru. Na canja wata, shiru. Na ari ta mutum uku, sai in na danne ta da yatsa take kamawa, daga baya ma ta daina gaba ɗaya. Duk takardun karatun da malamai suka turo a WhatsApp suna cikin wayar nan, har da tambayoyin shekarun baya da na yi wata biyu ina tarawa. Kuɗin da ke aljihuna na abinci ne, kuma na ji kunyar kiran Baba a kan gyaran waya bayan bai daɗe da biyan kuɗin makaranta ba. Mai caji na bakin ƙofar makaranta, mai janareta da jerin soket kamar hamsin, ya juya ta ya ce, "Ɗalibi, bakin cajar ne ya mutu, ni ba abin da zan iya."

Cikin dare na tuna da faifan. Na zazzage akwati, na kai wa mai cajin shi da safe, na roƙe shi ya ba ni gefen tebur inda ba a taɓawa. Haka muka yi mako uku. Kullum in kai da safe, in karɓa bayan La'asar, tana da zafi amma tana cike. Da shi na rubuta jarrabawa har na gama.

Da na koma gida hutu na kai ta wurin mai gyara, ina shirin jin kuɗi mai yawa. Ya haska ramin da tocila, ya sa wani siririn tsinke ya yi ta zaƙulo ƙura da zaren aljihu da suka dunƙule a ciki. Ya soka igiya, ta kama nan take. Ya ce, "Kawo na shan ruwa kawai."

Kwanan baya ƙanwata Hauwa, da ta gama sakandare, ta zo da kuɗin adashenta tana son waya. Ta ga biyu, ɗaya tana da cajin faifai kuma ta fi tsada. Ta ce, "Yaya, wacce zan ɗauka?" Na tambaye ta awa nawa ake barin wuta a gidanmu a rana, ta yi dariya. Na ce ta ɗauki mai sauƙin, ta duba girman batir da saurin cajar igiya, ragowar kuɗin ta sayi fawa-banki mai kyau. Idan wayar da take so ta zo da cajin faifai ba tare da ƙarin kuɗi ba, to ta karɓa, wata rana zai yi mata rana.

Ta sayi mai sauƙin. Nawa faifan kuma yana aljihun gefe na jakar makaranta, a nannaɗe cikin tsohuwar safa.