Makarantar da Ke Cikin Gidanmu

A watan Maris na 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, mu malamai muka koma gida tare da 'ya'yanmu a unguwar Badariya. Wata rana da yamma muka miƙa wa babban ɗanmu Littafi Mai Tsarki na Hausa, muka ce ya karanta labarin Yusufu cikin Littafin Farawa. Ya karanta da kyar. Da muka tambaye shi abin da ya sa 'yan'uwan Yusufu suka ƙi shi, sai ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama mu. Shekara da shekaru muna koyar da 'ya'yan wasu, ashe namu mun bar wa makarantar Lahadi, sa'a guda a mako.

A Amurka akwai iyalan Kirista da ke koyar da 'ya'yansu a gida bisa wata tsohuwar hanya mai hawa uku, wato nahawu, mandiƙi da balaga. Wata marubuciyar Ingila, Dorothy Sayers, ta farfaɗo da zancenta a 1947. Ƙaramin yaro ya haddace, matashi ya nemi dalili, babba ya bayyana da bakinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littattafan nahawu. Har yau maƙwabtanmu Musulmi ba sa wasa da allon 'ya'yansu.

Sai muka gwada. Kowace yamma bayan tuwo muka riƙa shimfiɗa tabarma. Auta ya haddace aya guda. Na tsakiya ya amsa tambayar "don me?" Babban kuma ya tashi tsaye ya ba da labarin duka. Da farko ana yi ana hamma. Kafin a buɗe makarantu, yaron da ya sunkuyar da kai ya fara yi mana tambayoyin da sai mun je wurin fasto.

Ba mu ce a cire yara daga makaranta ba. Dokar 2004 ta wajabta karatun shekara 9, yawancinmu kuma ba mu da ɗakin gwaje-gwaje ko zarafin zama a gida. Amma tun 1932 muna da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, kuma Timoti ma a hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya gaji bangaskiya.

Iyaye, minti 30 ya isa. Ɗalibai, idan kun je hutu ku zaunar da ƙannenku, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya taimake mu. Amin.