Araha Ba Ta Ado: Abin Da Ya Same Mu A Hanyar Burutu

Mu mutanen tudu ne. Yawancinmu a unguwar nan ta Hausawa da ke Igbudu mun tashi ne inda amalanke da a-kori-kura ke ɗaukar kaya, ba mu san ruwa ba sai na rafi da damina. Neman abinci ne ya kawo mu Warri, shi ne kuma ya tura mu cikin ruwa, domin albasa da wake da barkonon da muke saukewa daga Arewa suna da masu saye a garuruwan cikin ruwa irin su Burutu da Forcados.

Da kuɗin haya ya ishe mu, sai mu shida muka haɗa jari muka sayi jirgin fiba da injin Yamaha mai ƙarfin doki 75, na hannu amma lafiyayye. Muka ɗauki wani saurayi ɗan gari yana tuƙa mana. Komai na tafiya daidai har watan Mayu na 2023, da aka cire tallafin fetur. Kuɗin mai ya tashi, riba ta tsuke, muka zauna neman inda za mu rage kashe kuɗi. Nan ne ɗayanmu ya ce, "Ai baƙin mai baƙin mai ne. Me zai sa mu riƙa sayen na gwangwani mai tsada, ga na mota ana aunawa a kwalba a bakin titi?" Direban ya ce injin ba zai so ba. Muka ce yaro ne, wataƙila ma yana da kamasho wurin mai shago. Allah ya yafe mana wannan zato.

Injin bai ɓoye mana ba. Hayaƙi ya ƙaru, da safe sai an yi ta jan igiya kafin ya tashi, filogi kuma duk bayan kwana biyu sai ya yi baƙi ƙirin. Mu dai sai mu goge mu mayar. Ran nan da La'asar, muna ɗauke da buhunan albasa, injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke a tsakiyar kogi. Ruwa na janyewa, yana jan mu zuwa cikin itatuwan gaɓa, ga hadari ya haɗo. A cikinmu akwai dattijo ɗaya da yara biyu, kuma babu wanda ya iya iyo sai direba. Rigunan ruwa biyu kacal gare mu. Wallahi ba wanda ya tuna da albasa a lokacin, salati kawai ake yi. Sai gab da Magariba wani jirgi ya ja mu zuwa gaɓa, bayan ruwan sama ya jiƙe kayan sharkaf. Kun san albasa da ruwa.

Washegari makanike, wani dattijon Ijaw, ya buɗe injin ya kira mu. Ya nuna mana fistan ɗaya da zobbansa suka maƙale cikin baƙar dauɗa, ya ce, "Malam, ba injin ne ya kashe kansa ba, ku kuka ba shi abincin da ba nasa ba."

Ga abin da muka koya, da bakinsa da kuma littafin injin da ba mu taɓa buɗewa ba. Irin injinmu, wanda ake gauraya masa mai a cikin fetur, ƙone man yake yi tare da fetur ɗin. Baƙin man mota ba don a ƙone shi aka yi shi ba. Yana da sinadaran da ke barin toka, tokar nan ce ke toshe filogi ta manne zobba. Man 2T na babur ma ba shi ne ba, domin an yi shi ne don injin da iska ke sanyaya shi, shi kuwa na jirgi ruwa ke sanyaya shi, kuma yana daɗewa yana aiki da ƙarfi ba hutu. Abin da za a duba a jikin gwangwani shi ne TC-W3, alamar da ƙungiyar masu ƙera jiragen ruwa ta Amurka ke ba man da ya ci gwajinta.

Sai awo. Injinmu 50 da 1 yake sha, wato rabin lita na mai a tanki mai lita 25. In sabo ne ko an sake masa fistan, ana ninka man a awa 10 na farko. In mai ya yi kaɗan injin ya kama, in ya yi yawa filogi ya mutu. A fara zuba man da ɗan fetur, a girgiza, sannan a cika. Kowa dai ya duba littafin nasa injin, don ba duka suke ɗaya ba.

Masu sabon samfurin nan da ba a gauraya masa mai, nasu daban ne: man yana zama a cikin injin kamar na mota, 10W-30 ko 10W-40 mai alamar FC-W, ana juye shi duk awa 100 na aiki. Akwai kuma man giya a ƙasa kusa da farfela, SAE 90. In an zare shi ya fito fari-fari kamar madara, to ruwa ya shiga, a nemi makanike. Jabu kuma ya yi yawa a kasuwa, don haka kada a karɓi gwangwanin da aka taɓa buɗe murfinsa, kada a sayi na awo.

Da muka yi lissafi, kuɗin ja da na gyara da albasar da ta ruɓe sun ninka abin da muka tsimi sau da yawa. Garin neman gira muka kusa rasa ido. Mun ba direbanmu haƙuri a gaban jama'a, mun sayi rigar ruwa ta kowane mutum, sayen mai kuma yanzu shi ke yi, mu namu biya.

'Yan'uwa, ko ba ku da jirgi, yaranku suna hawa na wasu da kayanku. Ba laifi ba ne a tambayi direba wane mai yake zubawa, a kuma ƙirga rigunan ruwa kafin a tashi. Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, ya sa albarka a nemanmu. Amin.