Sunayen Bama A Ƙofofin Barikinmu

In ka bi ta Kawo a Kaduna, za ka wuce barikin soja da ake kira Dalet. A cikin garin kuma akwai barikin Kalapanzin. Ka miƙa hanyar Zariya, sai ka iske barikin Chindit, inda ake horon kuratan soja. Mai karatu, ka taɓa tambaya daga ina waɗannan sunaye suka fito?

Daga ƙasar Bama suke, wadda tun 1989 ake kira Myanmar. A Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin Hitila, Ingila ta kwashi samarinmu zuwa can su yaƙi Japan. Runduna ta 81 ta tashi a jirgin ruwa a 1943, ta 82 ta bi baya a 1944. Kalapanzin kogi ne a yankin Arakan. Dalet ma wuri ne a yankin, inda runduna ta 82 ta yi faɗa a 1945. Chindit kuwa sunan mayaƙa ne da suka kutsa bayan abokan gaba cikin kurmi a 1944, har da bataliyoyi 3 na Nijeriya.

Ƙasa ce ta tuddai da ruwan sama da sauro. Inda mota ba ta shiga, a ka suka ɗauki kaya, jiragen sama kuma suna jefo musu abinci.

Yawancin waɗanda suka rayu sun komo gida a 1946. Daga Zuru har Langtang, akwai gidajen da suke ajiye da lambar yabo ta Tauraron Bama a ƙasan akwati, ko wani tsohon hoto na Kaka cikin gajeren wando da jar dara. Wasu sun dawo da labari ba iyaka, wasu kuwa ba su ce uffan ba har kabari. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, an rubuta sunayensu a maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000.

Tsofaffin nan kusan duk sun rasu. Amma 'ya'yansu suna nan, sun kuwa ji da kunnensu. In akwai irin wannan akwati a gidanku, ku buɗe shi gaban yara. Ku tambayi Gwaggo da Baba abin da suka ji, ku rubuta, tun masu faɗa suna da rai.