Sanin Kalma da Sanin Mazauninta

Akwai zargin da aka daɗe ana yi wa mu ɗaliban Sashen Hausa, wai gudun Turanci ne ya kawo mu nan. Masu wannan magana sun manta cewa ba mai shiga jami'a sai ya ci Turanci da kyau a jarrabawar gama sakandare, kuma a kanmu nauyin fassara yake faɗawa, ko a gidan rediyo ko a kotu. Saboda haka neman kalmomin Turanci wajibi ne a gare mu, sai dai yadda yawancinmu ke nemansu ne nake da ja a kai.

Sau da yawa za ka ga ɗalibi ya tsaga takarda gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, yana haddacewa kamar mai tilawa. To, ɗauki kalmar "sha". Takardarsa ta ce masa "drink" ce. Alhali kuwa Bahaushe yana shan ruwa, ya sha taba, ya sha magani, ya sha iska, ya sha wahala. A cikin biyar ɗin nan, ruwa kaɗai Bature ke yi wa "drink". Taba sai "smoke", magani sai "take", wahala kuma "suffer". Haka "ji" take: muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Larabci, shi kuwa kowanne da tasa kalmar. Daga nan ne ake samun mai cewa yana "hearing" ƙamshin miya, a yi ta yi masa dariya, bayan kuwa abin da takarda ta koya masa ya faɗa.

Ko kalmomin da muka aro shaida ne. "Canteen" wurin cin abinci ce a can, da ta iso Kano ta zama kanti, inda ake sayar da atamfa.

Ba ina raina ƙamus ba ne. Duk wanda ya buɗe na Bargery na 1934 ya duba "ci", zai ga yadda marubucin ya bi ta gida-gida da misalai, kuma wannan ne ya sa har yau ba a ajiye shi ba. A ɓangaren Turanci, A. S. Hornby, wanda ya yi koyarwa a Japan, ya lura cewa baƙon harshe ya fi bukatar ganin kalma a cikin jimla, ƙamusunsa da Oxford ta buga a 1948 a kan haka ya ginu. Michael West ma, a 1953, kalmomi wajen 2,000 kacal ya tsamo a matsayin waɗanda aka fi amfani da su. Ashe wuyar tana wurin ƙananan nan irin su "get" da "put", ba dogayen da muke burge juna da su a muhawara ba.

Ni dai ɗan littafi nake yawo da shi a aljihu, kuma ba na shigar da kalma ita kaɗai. Jimlar da na tsince ta ciki, a jarida ko a labarun BBC, ita nake kwafewa ɗungurungum, in ƙara da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, domin abin da za ka ce wa aboki ba shi za ka rubuta wa shugaban sashe ba. Ƙamusun waya yana ba ni ma'ana nan take, amma sai na haɗu da kalma sau uku ko huɗu a bakin masu ita kafin in yarda in sa ta a takardar jarrabawa.