Dawakin Paris da kuɗin cefane

Faransanci yana da wata rowa wadda Hausa ba ta da ita. Kalma guda, jouer, ita ce ta yaron da ke langa, ita ce kuma ta magidancin da ya zuba kuɗin hatsinsa bisa karta. Haka gagner: da wanda ya yi gumi ya samu, da wanda sa'a ta faɗo wa, duk bakinsu ɗaya. Bahaushe kuwa tun zamanin wuri ya raba wasa da caca, ya kuma ajiye wa ɗan caca mazauni can kusa da mashayi. Abin da ke damuna shi ne, a bakin ɗalibanmu wannan katanga ta fara zubewa. Ba wanda ke cewa ya yi caca. Cewa ake yi “na buga”, kamar dai ƙwallo ce.

Mu da muka tashi a Maraɗi mun san dattawan PMU, ma'aikata da ƴan fansho, zaune gindin bedi da takardar tseren ranar, suna gardama kan dawakin Vincennes da Longchamp waɗanda ba su taɓa jin haniniyarsu ba. Aƙalla su a fili suke yi, gaban rumfar LONANI, inda surukin mutum ke iya wucewa ya gan shi. Kunya tana da ɗan aiki a lokacin. Yau rumfar ta shige cikin salula. Yaro na kwance a zaure, ko yana fada ana jiran shayi na biyu, yana zuba dala arba'in kan wasan Ingila ko na Spaniya, ba mai gani, ba mai tsawatawa.

Ni ba malamin lissafi ba ne, amma wannan lissafin bai fi ƙarfin kowa ba. In dawaki 16 suka fita, hanyoyin jera biyar na farko bi da bi sun kai 524.160. Wanda kuma ya haɗa wasanni 10 a tikiti guda, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ɗaya ce cikin 1.024. Ga shi a tseren dawaki kuɗin masu zubawa ake tarawa, mai gida ya ɗebi kasonsa tukuna, sannan a raba saura. Ke nan jama'ar da ta zuba, in aka haɗa ta, kullum da ragi take komawa gida. Sai dai wanda ya ci sau ɗaya unguwa duka za ta ji labarinsa, dubun da aka cinye kuwa shiru suke yi.

Hasarar kuɗin ma da sauƙi. A aji, yaron da ya kwana jiran sakamakon wasa ana gane shi: ido ja, hankali na wani wuri. Yana iya kawo maka sunayen ƴan wasan Real Madrid har da na benci, amma shafi guda na karatu ya gagare shi. Ya riga ya saba da abin da ke biya cikin minti 90, ina zai iya haƙurin shekara huɗu na kolej kafin BEPC? Daga nan sai kuɗin fotokopi da ba a taɓa nema ba, sai canjin cefane da ya ɓace, sai salular ƙanwa da aka ce an sace. Uwa ta sani, tana rufewa don kada uba ya ji. Gidan da aka fara kulle akwati saboda ɗan cikinsa ya yi rashin da ya wuce jaka goma.

Malamai na wa'azi, kuma haramcin a bayyane yake cikin suratul Baƙara da Ma'ida. Yaran nan sun haddace ayoyin tun suna makarantar allo. Abin da ke rinjayar wa'azin shi ne wansu mai lisans da suke gani zaune shekara uku ba aiki, yana kabu-kabu da babur ɗin haya. Ranar da na yi wa ƴan ajin ƙarshe lissafin 1.024 a allo, wani daga baya ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce: “Mushe, to gasar shiga aikin gwamnati fa, ɗaya cikin nawa ce?”